Haƙƙin Wa Marubuci Ke Ci Idan Ya Rufe Ƙofa?

Duk wanda ya taɓa zama zai rubuta abu mai tsawo a waya, labari ne ko maƙala ko kundin kammala karatu, ya san yadda abin yake. Kana tsakiyar jimla sai saƙo ya leƙo daga saman allo. Ka ce bari ka duba wannan ɗaya kawai. Kafin ka dawo an ci rabin awa, jimlar ta huce, kai kanka ka manta inda ta dosa. Shi ya sa a tsakanin marubuta, musamman masu rubutu a onlayin, wata tambaya ba ta ƙarewa: wace manhaja ce ta fi dacewa da dogon rubutu, wadda ba za ta riƙa ɗauke wa mutum hankali ba?

Tambayar tana da amsa, kuma za mu zo kanta. Amma akwai wata a ƙarƙashinta wadda ta fi ta nauyi. Saƙon nan da ya leƙo, mutum ne ya aiko shi. Wataƙila ƙanwarka ce, wataƙila abokin aikinka ne, wataƙila maƙwabcin da aka yi wa rasuwa. Manhajar da ta ɓoye maka saƙo, mutane ta ɓoye maka. To, shin daidai ne mutum ya rufe wa jama'arsa ƙofa don yana son ya rubuta littafi? Idan daidai ne, bisa wane sharaɗi?

Mu fara da abin da manhajojin suke yi. Ba su da wani sirri. Suna cika allon da farin fili ko baƙi, su kawar da maɓallan ado da na launi da na girman baƙaƙe, su bar ka da kalmominka kaɗai. WriteRoom ta fito a 2006 don kwamfutocin Mac, iA Writer ta biyo baya a 2010, akwai kuma FocusWriter ta kyauta ga masu kwamfuta. Masu wayar Android suna da irin su Markor da JotterPad da Pure Writer. Abin da dukkansu ke sayarwa ko bayarwa ɗaya ne: shiru. Abin mamaki ne a ce mun zo zamanin da ake neman shiru da kuɗi ko da data, amma tun a 1971 masanin nan na Amurka, Herbert Simon, ya yi nuni da cewa idan bayanai suka yi yawa, abin da zai yi ƙaranci shi ne hankalin mai karɓarsu. Hausawa sun riga shi faɗa da cewa idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Me ya sa katsewa ke yi wa dogon rubutu ɓarna fiye da gajere? Saboda mai rubuta littafi yana ɗauke da kaya da yawa a kansa lokaci guda. Yana tuna abin da uwargida ta faɗa a babi na uku, da shekarun yaron da aka haifa a babi na biyar, da alkawarin da jarumin ya ɗauka wanda dole ya dawo masa a ƙarshe. Wannan kaya ba a ɗora shi a minti ɗaya, amma a daƙiƙa ɗaya ake sauke shi. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta wallafa nazari a 2009 da ya nuna cewa idan mutum ya bar wani aiki ya koma wani, wani sashe na hankalinsa yakan maƙale a na farkon. Wato ko ka rufe WhatsApp ka dawo kan rubutunka, rabin zuciyarka na can wajen musun da ka baro a guruf. Taura biyu ba ta taunuwa.

Duk da haka, kada mu yi saurin yanke hukunci cewa rufe waya abu ne mai sauƙi wanda sai rago ne ke kasa yi. A wurinmu amsa kira ba kwalliya ba ce. Wanda aka kira bai ɗauka ba, aka yi masa saƙo bai amsa ba, sunansa mai girman kai, ko a ce ya samu duniya ya manta da mutane. Da can ana cewa zumunci a ƙafa yake. Yau rabinsa ya koma waya. Da ita ake sanar da haihuwa da rasuwa, da ita ake tara gudunmawar asibiti, da ita uwa ke jin muryar ɗanta da ke Legas ko Abuja.

A Kaduna kuwa maganar ta fi haka zurfi. Tun bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, Kogin Kaduna ya zama kamar iyaka. Musulmi da yawa sun tattara sun koma arewacinsa, Kiristoci da yawa sun koma kudancinsa, unguwanni irin su Sabon Tasha da Narayi da Television da Unguwar Romi. Mutanen da suka tashi gida ɗaya, suka yi makaranta ɗaya, suka wayi gari gada ta raba su. Abin da ya rage yana haɗa da yawansu shi ne harshen Hausa da lambar waya. Sannan wanda ya zauna a garin ya san cewa wani saƙon ba na hira ba ne. Yana iya zama na cewa kada ka bi hanya kaza yau, ko an sa dokar hana fita, kamar yadda aka yi a Oktoban 2018. Uwar da ke Barnawa, ɗanta yana makaranta a ƙetaren kogi, ba za ka ce mata ta kashe waya awa uku don tana rubuta labarin soyayya ba, ta saurare ka. Tana da gaskiya.

Saboda haka masu cewa rufe ƙofa son kai ne ba su yi maganar banza ba. Akwai haƙƙin mutane a kan marubuci kamar yadda yake a kan kowa, kuma riƙe alƙalami bai ɗauke masa shi ba.

Amma akwai wani mai haƙƙin da ba a cika tunawa da shi ba, domin ba ya kira, ba ya aiko saƙo. Shi ne mai karatu. Zai sa datarsa, ko ya biya 'yan ɗaruruwan nairarsa a saka shi a guruf ɗin littafin kuɗi, sannan ya ba da abin da ya fi kuɗin tsada, wato awannin rayuwarsa. Idan marubuci ya miƙa masa labarin da aka rubuta da rabin hankali, inda sunan jaruma ya canja a tsakiya, ko wanda aka binne a shafi na ashirin ya dawo yana cin tuwo a shafi na sittin ba tare da bayani ba, an tauye masa mudu. Tela da ya karɓi yadinka ya ɗinka maka riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ba za ka karɓi uzurin cewa baƙi ne suka yi ta zuwa shagonsa ba. Rubutu ma amana ce irin wannan.

A nan ne wata ɗabi'a ta marubutan onlayin take buƙatar a sake duba ta. Da yawa suna yin taifin kai-tsaye a cikin WhatsApp ko Facebook, a wurin da ake sharhi, a wurin da ake cewa "Anti yaushe za a ci gaba?" Wannan kamar masaƙi ne ya kafa masaƙarsa a tsakiyar kasuwa, kowa ya zo wucewa ya ja zare ɗaya. Masu karatu su ce a kashe kishiya, a kashe ta; su ce a dawo da tsohon saurayi, a dawo da shi. A ƙarshe labarin ba na marubuciya ba ne, ba kuma na kowa ba. Abin lura shi ne, mai karatun da ke matsa mata lamba yau shi ne zai fara cewa littafin ya yi lami gobe. Wani lokaci hanyar cika haƙƙin mai karatu ita ce a bar shi ya jira.

Ke nan haƙƙi biyu ne suka haɗu: na mai kira yanzu, da na mai karatu gobe. Yaya za a raba? Ina ganin amsar tana nan kusa, a Kakuri.

A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da wani kamfanin Ingila. Wasu masaƙun suka biyo baya, irin su Arewa Textiles da United Nigerian Textiles, har kudancin Kaduna ya zama garin ma'aikata, dubban mutane daga kowace kusurwa ta ƙasar nan. Masu aikin safe su fita, na rana su shiga, na dare su karɓa. Idan ma'aikaci ya shige ƙofar masaƙa, shi ke nan sai lokacin tashi. Ba wanda ya ce ya yanke zumunci don bai halarci walimar da aka yi da hantsi ba. An san inda yake, an san lokacin da zai fito, an kuma san cewa abin da yake yi a ciki shi ne zai dawo gida ya zama abinci da kuɗin makaranta. Idan wani babban abu ya faru, akwai hanyar aika masa. Masaƙar ta daina aiki a 2002, saura ma suka bi ta, amma darasin yana nan: jama'a ba sa ƙin mutum ya rufe ƙofa, abin da suke ƙi shi ne ƙofar da ba a san ranar buɗe ta ba, ba a kuma san abin da ake yi a bayanta ba.

Matsalar marubuci ita ce ba shi da ƙofar masaƙa. Yana zaune a falo ko a bakin gado, waya a hannu, kuma a ido babu bambanci tsakanin mai rubuta babi na goma da mai kallon TikTok. Don haka kowa yana ganin yana da damar katse shi. Gidan Bahaushe na gargajiya ya san maganin wannan tun da daɗewa, shi ne zaure. Baƙo yakan tsaya a can ya yi sallama, ko ya ce gafaranku dai masu gida, ya jira. Idan mai gida yana wani uzuri, a ce masa yana zuwa, kuma ba a ɗauki wannan wulaƙanci ba. Waya ce ta rushe zauren. Saƙon kowa yana faɗowa har ƙuryar ɗaki ba sallama. Manhajar rubutu marar hayaniya, idan aka fahimce ta da kyau, zaure ce aka sake ginawa. Ba ta kori baƙo ba, ta dai ba shi wurin zama kafin ka fito.

Kuma idan muka tsaya muka tantance masu bugun ƙofar, za mu ga ba duka ne mutane masu buƙata ba. Akwai mai buƙata ta gaggawa, wannan ba a sa shi jira. Akwai mai gaisuwa da mai hira, wanda in ka amsa masa bayan awa biyu bai rasa komai ba. Sannan akwai na uku, wanda ba mutum ba ne sam: sanarwar cewa wani ya saka hoto, wani ya fara bidiyo kai-tsaye, wani da ba ka sani ba ya yi sharhi a kan sharhin wani. Kamfanonin da suka mallaki waɗannan dandali da talla suke samun kuɗi, kuma gwargwadon daɗewarka a ciki gwargwadon ribarsu. Babu haƙƙin zumunci tsakaninka da su. Yawancin abin da muke kira "mutane suna nemana" wannan na ukun ne ya sa rigar na farko.

Akwai kuma wata gaskiya da ya kamata mai neman shiru ya riƙe. Shirun nan ba ya faɗowa daga sama, wani ne ke biyan kuɗinsa. Ibn Khaldun ya rubuta Muƙaddima a 1377 a wata ganuwa da ake kira Ƙal'at Ibn Salama, a ƙasar Aljeriya ta yau, inda wata ƙabila ta sauke shi da iyalinsa ta ɗauke masa ɗawainiya. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina, sai da aka ɗauke shi daga aji aka kai shi Zariya a 1936 ya yi wata shida, sannan aka samu Magana Jari Ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A bayan kowane dogon littafi akwai wanda ya dafa abinci, ya riƙe yaro, ya amsa sallama.

Wannan ya fi shafar mata, kuma su ne suka fi yawa a rubutun ƙagaggun labarai na Hausa a onlayin. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ma tasu ce. Namiji zai iya shiga ɗaki ya ja ƙofa a ce Malam yana aiki. Matar da ta yi haka, kafin minti goma an ƙwanƙwasa ana tambayar ina gishiri. Da yawansu sai bayan kowa ya yi barci suke samun zarafi, da cajin da ya rage, idan an yi sa'a akwai wuta. Babu manhajar da za ta ba ta abin da mutanen gidan suka hana ta. Saboda haka tambayar ba ta tsaya a kan marubuci kaɗai ba, ta juyo kanmu mu da ke zaune da shi. Maigidan da ke alfahari matarsa marubuciya ce, ya taɓa riƙe yaran awa ɗaya don ta rubuta? Shi kuma marubucin da aka ɗauke wa ɗawainiya, ya san cewa bashi ya ci, kuma ana biyan bashi?

Daga wannan duka, sharuɗɗa uku nake gani da suke mayar da rufe ƙofa abin da ya dace. Na farko, a sa masa wa'adi: awa ɗaya, awa biyu, bayan asuba ko bayan isha'i, a kuma tsaya a kansa. Na biyu, a sanar: mutanen gida da na kusa su san cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza kana rubutu, za ka neme su in ka fito, kuma ka neme su ɗin, domin alkawari kaya ne. Na uku, a bar ƙaramar ƙofa ta gaggawa. Wayoyin yanzu suna da tsarin "kar a dame ni" wanda zai toshe sanarwa amma ya bar kiran mutanen da ka zaɓa ya shigo, har ma ya bar wa duk wanda ya sake kira cikin 'yan mintuna hanya. Uwar nan ta Barnawa za ta iya saka lambar makarantar ɗanta da ta maigidanta da ta mahaifiyarta, ta kashe data, ta yi rubutunta da kwanciyar hankali.

Sai zaɓen manhajar kanta. Ba sai mai tsada ba, kuma ba sai wadda wani shahararre ya yaba ba. Ka tambaye ta abu biyar. Tana aiki ba tare da intanet ba? Idan sai da data take buɗewa, ta riga ta buɗe wa sanarwa ƙofa. Tana saka talla a tsakiyar rubutu? In tana yi, ita ma ta zama mai bugun ƙofa. Tana adana aiki da kanta lokaci-lokaci, ko da waya ta mutu ba zato? A garin da wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tana ajiye rubutu a fayil na rubutu zalla, wanda kowace waya ko kwamfuta za ta iya buɗewa, ka kuma iya aika wa kanka kwafi ta imel? Dandali yakan rufe. OkadaBooks, inda marubutan Najeriya da dama suka sayar da littattafansu, ta rufe a ƙarshen 2023, kuma wanda ya riƙe kwafinsa a hannu shi ne bai shiga zullumi ba. Na biyar, tana karɓar baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba tare da ta mayar da su wasu alamomi ba? Madannan Gboard suna da tsarin Hausa, sai a saka shi a kuma kashe gyaran kalma na Turanci. Tsakanin "ya ga baƙi" da "ya ga baki" akwai tafiya mai nisa, kuma mai karatu bai cancanci a bar shi yana canki-canka ba.

Wadda ta cika waɗannan ta isa. Kada neman manhaja ya zama wata sabuwar hanyar gudun rubutu, a sauke wannan yau a goge ta gobe a sauke waccan. Marubutan da suka cika kasuwar Kano da littattafai a shekarun 1990 da biro da littafin makaranta suka yi, sannan aka kai wa masu buga rubutu. A can Amurka, George R. R. Martin ya bayyana a 2014 cewa da tsohuwar manhajar WordStar yake rubutu, a kwamfutar da ba ta haɗe da intanet. Duk da wannan shiru, littafi na biyar na jerin labarinsa ya fito a 2011, masu karatu suka shafe fiye da shekara goma suna jiran na shida. Manhaja tana iya korar mai bugun ƙofa na waje, amma ba ta iya komai da na ciki. Sau da yawa ba saƙo ne ke kiranmu ba, mu ne muke zuwa nemansa daidai lokacin da jimla ta yi tauri, domin duba waya ya fi tunani sauƙi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan ne ma'aunin da mutum zai auna kansa da shi, kuma ba wanda zai iya auna masa. Idan ka ce wa mahaifiyarka da abokanka su jira awa biyu, suka jira, me ka yi da awa biyun? Idan rubutu ka yi, ko da shafi ɗaya ne mai kyau, ba ka ci haƙƙin kowa ba. Ka jinkirta wa wasu amsa ne don ka cika wa wasu mudu. Idan kuwa ka rufe wa mutane ƙofa ka buɗe wa bidiyo taga, ka ci na mai kira, ka ci na mai karatu, ka ci na wanda ya riƙe maka yaro. Ma'aikacin masaƙa idan ya fito akwai yadin da za a nuna a ce ga abin da ya hana shi zuwa walima. Kai ma idan wa'adinka ya cika, ka adana fayil ɗinka, ka kunna data, ka fara da kiran wanda ya fi daɗewa yana jira.